Sifana, Bakaniken Gwamnati

Mijin yayata bakanike ne, kuma tun kafin in san shi sunansa na yanka ya ɓace. Sifana ake ce masa a gareji da unguwa, sunan ƙarfen nan na kwance noti. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, amma yana da kunne. Kuna cikin hira mota ta wuce a titi sai ya dakata, ya karkata kai, ya ce, "Wannan in ta kai gida ta yi ƙoƙari." Mu yi ta dariya, shi kuwa ko murmushi, don da gaske yake.

Shi da amininsa Dogo hannun maigida ɗaya suka koyi aiki, kuma rana ɗaya aka ɗauke su a garejin gwamnati. Wanda bai ga garejin nan a lokacin ba ba zai yarda ba. Wata doguwar rumfa ce ta kwano, ga ramukan duba ƙarƙashin mota a jere, ga tankokin ruwa da tifofi da motocin asibiti suna jiran layi. Tun daga bakin titi kana jin ƙarar guduma da ihun mutane. Sifana yakan dawo gida baƙi ƙirin har kunne, yana tafe yana fito.

Ba a daɗe da bikinsu da Yaya ba aka ba shi gida a kwatas ɗin ma'aikata. Ni na raka ta tarewa. Ɗaki biyu ne da falo, da kicin ɗan ƙarami, da wani fili a baya. Mahaifiyarmu ta tsaya gaban famfo tana buɗewa tana rufewa, ta ce, "Yanzu wannan ba mai zuwa ya ce ku biya?" Sifana ya ce ɗan abin da ake cirewa a albashi ko jinsa ba a yi. Ya shiga lissafa mata sauran da yatsu, ga katin asibiti na shi da iyali, ga kuɗin hutu duk shekara, ga kayan aiki kyauta, in ya tsufa kuma ga garatuti ga fansho har ranar da zai koma ga Allah. Mahaifiyarmu ta dafa kan Yaya ta ce, "Ke kam kin shiga inuwa."

Ni abin da na lura da shi daban ne. Komai na gidan yana da lamba. Ƙofa da lamba, kujerun falo da lamba a ƙarƙashi, gadon ƙarfen ma an buga masa tambari a ƙafa. Da Yaya ta ɗauko ƙusa za ta rataye madubi, maƙwabciya ta ce ta dakata, bangon ba nata ba ne, sai an nemi izini. Muka yi dariya, muka jingina madubin a kan akwati. A nan ya zauna har ya tsage.

Ɗansu na fari namiji ne. Tun yana jariri in ya damƙi yatsanka sai an ɓamɓare shi, shi ya sa Dogo ya raɗa masa Filaya, ya ce ai ɗan Sifana ba zai wuce akwatin kayan aiki ba. Sunan ya bi shi. Ta biyun mace ce, siririya, ba ta son abinci, ubanta yake ce mata Tsuntsuwa. Ba ta yi shekara ba hannuwanta da ƙafafunta suka fara kumbura, tana kukan da ba a iya lallashinsa. Aka yi gwaji, likita ya ce sikila ce.

Daga nan katin asibiti ya zama wani ɗan gidan. Sifana ya sa an like shi cikin leda, yana aljihun ƙirjinsa kullum, ko masallaci zai je. Ciwon Tsuntsuwa ba ya sallama. Tana cikin wasa sai ka ga ta tsuguna ta riƙe gwiwa, kafin a ankara idonta ya yi rawaya. A ɗauke ta da gudu, asibitin kuwa yana bayan kwatas ɗin, tafiyar ƙafa ce. A miƙa kati ta taga, a ba ta gado, a sa mata ruwa, in jini ne a ƙara mata, ba wanda zai ce kawo. Yaya takan ce, "Auta, ba don katin nan ba da tuni mun binne yarinyar nan." Auta ni ce, haka su biyun suke kirana.

Garejin kuma a hankali ya fara mutuwa. Ba rana ɗaya aka kashe shi ba. Da farko kayan gyara ne suka rage zuwa, a rubuta a aika sama, a yi ta jira. Daga baya aka ce gyaran manyan motoci an ba 'yan kwangila. Sai ƙananan ma suka bi. Motocin da ke cikin rumfa aka ɗora su kan duwatsu, aka riƙa cire na wannan ana sa wa waccan, har ba abin cirewa. Ciyawa ta fito ta cikin tifa. Kaza ta yi ƙwai a kujerar direban wata motar asibiti. Ma'aikata kuwa ba wanda aka kora. Kowa ya zo da safe ya sa hannu, ya sa rigar aiki, a shimfiɗa kwali a bakin rami a buga karta har lokacin tashi. Albashi yana zuwa.

Sifana ba ya karta. Yakan ɗauki tsumma ya goge kayan aikinsa, ya jera su, ya sake gogewa. Akwai wani tsohon injin tanka da ya kwance ya ɗaure, ya kwance ya ɗaure, har abokan aiki suka sa wa injin suna amaryar Sifana.

Dogo ne ya fara gajiya. Ya ajiye aiki, ya kama wani fili a bakin babban titi, ya kafa rumfa. Wata ranar Asabar da la'asar ya zo gidan, ina nan. Ko zama bai gama yi ba ya fara.

"Sifana, ka zo mu yi tare. Ni hannu gare ni, kai kunne. Motoci sun yi mini yawa, har kora nake yi."

"To, ina dubawa."

"Me kake dubawa? Kaza? Wallahi wurin can zai cinye ka kana zaune. Yaushe rabonka da jin injin ya tashi a hannunka?"

Yaya tana bakin kicin da ludayi a hannu, ta ce, "Baban Filaya, in ka tashi dubawa ka duba har da ita." Ta nuna ɗakin da Tsuntsuwa take kwance.

Dogo ya ce, "Haba, matar abokina, ai abin da zai samu a wurina zai biya asibiti har ya yi saura."

Ta ce, "Watan da aka samu ke nan. Watan da ba a samu ba fa? Ciwon nan ba ya tambaya ko an yi ciniki."

Duk da haka sai da Sifana ya yi niyya. Ya gaya mini da bakinsa, a hanya, yana raka ni in hau mota. Ya ce, "Auta, ranar Litinin zan ajiye. Kada ki gaya wa yayarki tukuna." Rabon da in ga fuskarsa haka tun yana ango. Ranar Lahadi da hantsi ciwo ya kama Tsuntsuwa a ƙirji, irin wanda bai taɓa yi mata ba. Aka yi mako biyu a asibiti. A gadon da ke kusa da nata akwai wani yaro mai irin ciwon, ubansa kafinta ne, ba shi da kati. Sifana yana kallon mutumin nan yana fita yana dawowa, yau ya sayar da keke, gobe ya ɗauko injin aikinsa ya kai kasuwa, yana tsaye a taga yana roƙo a fara sa jinin kafin ya kawo cikon. Sifana ya ba shi abin da ke aljihunsa. Da aka sallame su ya koma aiki, maganar ajiyewa kuwa ban ƙara jin ta a bakinsa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Ya nemi wata hanya. Ya fara zuwa wurin Dogo ranakun Asabar, amma abin bai ɗore ba. Mota ba ta jira daga Asabar zuwa Asabar, kuma mai mota yana son wanda ya buɗe masa injin shi zai rufe. Sai ya koma filin bayan gida. Wani maƙwabci ya kawo motarsa da ta ƙi tashi, ya gyara. Maƙwabcin ya gaya wa wani. Kafin wani lokaci, duk yamma akwai mota ɗaya a bayan gidan, Sifana yana ƙarƙashinta, ƙafafunsa kaɗai ake gani, Filaya kuma, wanda ya fara zama saurayi, yana koyo a gefensa. Fito ya dawo gidan. Yaya ta koma ƙorafin sabulu, amma tana yi tana dariya. Ko Tsuntsuwa in tana jin daɗi takan fito da kujera ta zauna, ta ce ita ce mai karɓar baƙi.

Wannan shi ne lokacin da ya fi kowanne daɗi a gidan, kuma bai kai shekara biyu ba. Wani ya kai ƙara, ba mu taɓa sanin ko wane ne ba. Jami'in gidaje ya zo da rana tsaka, mutum ne mai ladabi, har ya cire takalmi. Ya zagaya baya, ya dubi baƙin man da ya ɓata ƙasa, ya dubi motar da aka ɗage a kan jak.

"Malam, ka san gidan gwamnati ba wurin sana'a ba ne."

"Taimakon maƙwabta ne, ranka ya daɗe."

"Na sani. Ni ma da tawa ta lalace nan zan so in kawo. Amma in na sake zuwa na ga mota, ba ni zan yi magana ba, takarda ce za ta yi. Akwai mutane da yawa da ke jiran gida."

A ranar Sifana ya sauke motar daga kan jak, ya ce wa mai ita ya ja ta zuwa wurin Dogo. Ya kankare ƙasar da shebur, ya zuba sabon yashi. Ya haɗa kayan aikinsa na kansa, waɗanda ya saya tun yana koyo, ya ba Filaya. Ya ce, "Ka kai wa Baba Dogo gaisuwata, ka ce na ba shi kai." Haka Filaya ya koma can da aiki bayan ya gama sakandare.

Sai kuma aka yi wa Sifana ƙarin girma. Shekarunsa ne suka kai, ba wani abu ya yi ba. Aka fitar da shi daga rumfa, aka ba shi ofis a bene, da tebur da fanka da masinja, aka ce shi ne jami'in kula da motoci. Aikinsa shi ne idan ɗan kwangila ya dawo da mota ya sa hannu cewa an gyara. Da farko yakan sauka ya ce a tayar ya ji. Aka nuna masa cewa yana ɓata wa mutane lokaci, kuma ko ya ce a sake ba sakewa za a yi ba. Sai ya daina sauka. Tagar ofishin tana kallon rufin tsohon garejin, ya juya teburinsa ya ba ta baya.

Dangi suka yi ta zuwa murna. Yanzu fararen kaya yake sawa, ya yi tumbi, ana ce masa ranka ya daɗe. Yaya ta ce ta huta da wankin baƙin mai. Na je ni ma, na ce, "Yaya Sifana, manya! Yanzu ai sai da izini za a gan ka." Ya yi ɗan murmushi, ya buɗe mini tafukan hannunsa.

"Taɓa ki ji."

Na taɓa. Laushi kamar na mai jego.

Ya ce, "Jiya murfin kwalba ya gagare ni. Sai da yayarki ta buɗe."

Na so in yi masa tsiya kamar yadda muka saba, amma na kasa.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Tsuntsuwa ta girma, abin da likitoci da yawa ba su zata ba. Ta zama budurwa mai kaifin baki, ta iya zanen kaya, ƙafa ɗaya tana ɗan ja saboda ciwon ya taɓa mata ƙugu. Wata safiya ciwo ya tashi, uban ya kai ta kamar kullum, ya miƙa kati ta taga. Akawun ya duba na'ura, ya dubi Tsuntsuwa, ya turo katin waje.

"Baba, wannan ta fita."

"Ta fita ina?"

"Ta cika sha takwas. Kati na 'ya'ya ƙanana ne. Kai da Mama dai kuna ciki."

"Ɗana, yarinyar nan a asibitin nan ta girma. Tambayi kowa."

"Na san ta, Baba. Ba ni ba ne, na'ura ce ba za ta karɓa ba."

Sifana ya san da dokar, kowa ya sani, amma ya ɗauka za a duba irin nata ciwon. Ya hau sama ya sauko, ya ga wannan ya ga wancan, kowa ya tausaya masa, ba wanda ya iya komai. Aka ba ta gado a ranar, amma da biya, kamar kowa.

Da ta samu sauƙi, ina zaune a bakin gadon, ta dube shi ta ce, "Baba, to ai yanzu na sake ka. Ka tafi wurin Baba Dogo."

Ya ce, "Wa ya ce miki ke kika riƙe ni?"

"Bango ba shi da kauri, Baba. Tun ina ƙarama nake ji."

Ya tashi ya fita, wai zai sayo ruwa.

Daga baya kuwa ya je wurin Dogon. Filaya ne ya ba ni labarin. Garejin Dogo yanzu gini ne, da ƙasa mai siminti da injin ɗaga mota. Dogo ya rungume shi, ya tara yaransa ya ce, "Ku zo ku ga wanda ya fi ni." Ya ja shi gaban wata sabuwar mota da ke ba su wahala, ya ce, "Bismillah, ji mana ita." Aka buɗe bonet. Sifana ya leƙa, bai ga komai ba sai baƙar roba da ta rufe injin ruf, da wayoyi. Aka tayar. Ya karkata kai, ya daɗe. Injin yana wani siririn sauti kamar firji. Ya sa hannu yana neman inda zai kama, bai samu ba. Yaran suna tsaye suna jira. Can Filaya ya matso a hankali, ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta, ya faɗi abin da ya lalace, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara.

Dogo ya ja Sifana ofis, ya sa aka kawo shayi. Ya ce, "Kada abin nan ya dame ka, ni ma yaran nan ne suke koya mini. Wata shida ka kama. Ka zo, ko kula da su ka riƙa yi."

Sifana ya ce, "Saura kaɗan in yi ritaya, Dogo. In na fita yanzu, fanshon da na zauna dominsa rabinsa ya tafi. Ga gida. Ga maganinta yanzu a kaina yake."

"Kullum akwai saura kaɗan."

"Akwai."

Suka sha shayinsu, suka yi hirar maigidansu na da, wanda yake jifansu da filogi in sun yi kuskure. Dogo ya sa aka mayar da shi gida a mota.

Saura kaɗan ɗin ta zo ta ƙare. Wata uku kafin ranar ritayarsa aka sanar da shi cewa zai bar gidan. Kowa kuma ya san garatuti ba ya fitowa da wuri, fansho ma sai an yi ta sintiri kafin ya fara. Filin da ya saya a bayan gari tuni ya tafi a ƙarin jini da aikin ƙugun Tsuntsuwa. Yaya ta rame a tsaye. Ta yi ta bin gidajen haya, duk wanda suke iya kamawa yana can ƙarshen gari, inda in ciwo ya tashi sai an hau mota biyu kafin a ga asibiti. Ta ce mini, "Auta, a gidan nan na haihu, a nan na yi furfura, kuma ko ƙusa ɗaya ba ni da ita a ciki."

Sai wani abokin aikin Sifana na ofishin ma'aikata ya kawo shawara. Za a ɗauki sababbin bakanikai a garejin, don a takarda har yanzu garejin yana nan, kuma ana fara duba 'ya'yan masu ritaya. In Filaya ya shiga, ana iya juya gidan ya koma sunansa. Ba sai an kwashe ko cokali ba.

Filaya a lokacin ya yi aure, yana ɗaki ɗaya na haya kusa da wurin aikinsa, matarsa da tsohon ciki. Dogo kuma ya riga ya yi masa alkawarin sabon reshen da zai buɗe, shi zai riƙe. Duk wanda ya san mota a garin ya san sunan Filaya.

Yaya ta ce ita ba za ta iya gaya masa ba. Sifana ya yi kwanaki in an kawo abinci sai ya tura kwanon gefe. Ranar Juma'a da yamma ya aika a kira Filaya. Ni ma Yaya ta kira ni, wai in zauna kusa da ita. Muna falo, uba da ɗa suna kan kujerun nan masu lamba, suna fuskantar juna.

Sifana ya faɗi maganar a taƙaice, idonsa a kan tabarma.

Filaya ya ce, "Garejin da kaji suke ƙwai, Baba?"

"Shi."

"Me zan riƙa yi a can?"

"Ba komai."

Tsuntsuwa ta fito daga ɗaki tana dafa bango. "Wallahi Yaya Filaya kada ka yarda. In don ni ne, ku kai ni ko'ina. Mutum ɗaya ya isa."

Yaya ta ce, "Ke koma ciki."

"Ba zan koma ba, Mama. Baba, kai fa ka sani. Kai ka fi kowa sani."

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi ɗan. Ya ce, "Na sani. Ba zan ce maka akwai daɗi ba, don babu. In ka ce a'a ban riƙe ka a zuci ba, Allah shaida ne. Amma na duba gabas na duba yamma, ban ga inda zan kai uwarku da ƙanwarka ba." Sannan ya ƙara, kamar maganar tana yi masa ɗaci, "Kuma matarka ta kusa. Kati zai ɗauke ta, da abin da za ta haifa. Ba a gwada ku ba kafin aure, jinin nan kuwa a gidanmu yake."

Filaya ya zauna yana murza yatsunsa, duk farcen baƙi. Can ya ce, "Yaushe ake kai takardun?"

Tsuntsuwa ta koma ɗaki ta rufe ƙofa da ƙarfi.

Dogo ya zo washegari, bai ko shiga ba. Daga bakin ƙofa ya ce, "Ka ba ni shi, ka karɓe." Sifana ya ce, "Ka yi haƙuri." Dogo ya ce, "Ni me aka yi mini?" Ya juya. Sun shirya daga baya, a wurin sunan jaririn, amma hirarsu ba ta koma kamar da ba.

Aka ɗauki Filaya. Aka juya gidan. An yi wa Sifana ɗan taro a ofis, aka ba shi agogon bango da takardar yabo, darakta ya ce samun ma'aikaci mai haƙuri irinsa sai an tona. Shi da Yaya suka koma ƙaramin ɗaki, suka bar wa Filaya da matarsa babban, Tsuntsuwa ta koma falo da labule. Jaririn da aka haifa lafiyarsa ƙalau, an gwada, ba shi da komai. Ranar da sakamakon ya fito kowa ya yi hamdala, Filaya ma ya yi, sannan ya fita bayan gida ya daɗe shi kaɗai.

Tsuntsuwa ba ta daɗe a falon ba. Ta samu wata mai shagon ɗinki da ke son zanenta, ta tattara kayanta ta dawo wurina, ta ce ba za ta iya kallon yayanta yana fita da safe da rigar aiki mai guga ba. Tana nan, ciwo yana zuwa yana tafiya, kuma ita take sayen maganinta yanzu, abin da take faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare. Filaya ya koyi karta. An ce ya iya sosai.

Fanshon Sifana ya fara fitowa bayan an sha wuya. Lokaci-lokaci akan kira su tantancewa, kowane tsoho ya je da kansa a gan shi, a tabbatar bai mutu ba. Na raka shi na baya-bayan nan saboda gwiwarsa ta fara ba shi matsala. Muka tarar da layi har waje, tsofaffi a kan benci, wasu da sanda, wani an kawo shi a kujerar guragu. Duk sun san juna. Ana ta tsiya, wannan ya ce wa wancan, "Kai har yanzu ba ka tafi ba?" Rana ta take kafin a zo kansa. Wata yarinya a bayan tebur ta ce ya cire hula, ya dubi kyamara, ya ɗora babban yatsa a kan gilashi. Ya ɗora, na'ura ta ƙi. Ta goge gilashin, ya sake, ta ƙi. Sai a karo na uku ta yi ƙara.

"Shi ke nan, Baba, kana raye," in ji yarinyar. "Sai an sake kira."

Ya ce, "Madalla." Ya mayar da hularsa, ya dafa kafaɗata, muka fito neman mota.